Gidan Haya A Tamanrasset: Rigimar Da Ba Ta Zuwa Caji Ofis

A unguwar Tahaggart ta birnin Tamanrasset, kudancin Aljeriya, 'yan uwanmu 'yan ci-rani daga Damagaram da Kance kan haɗa kuɗi su kama gida ɗaya. Layin banɗaki, jarkar ruwa da kason kuɗin haya su ne mafarin faɗa. Tsohon zama ya takura wa sabon zuwa, samari su addabi matan da ba su da kowa.

Sai dai da wuya mu ji an kai ƙara. Tun Disambar 2014 hukumomi ke mayar da 'yan Nijar marasa takardu ta Assamaka, shi ya sa wanda aka zalunta kan haɗiye, kada ƙararsa ta jawo a kwashe gidan kaf. Dattawan gida su ne alƙalai. In suka kau da kai, marar gata sai ya bar wa Allah.