Gwajin ɗan tayi ta ruwan rainonsa: an riga malam masallaci

A 2020 aka wallafa wani bincike kan 'yan tayi 1,301 daga asibitocin dashen ciki na ƙasashe daban-daban. An kwatanta sabon gwajin kuromosom da tsohon, sai sakamakonsu ya dace a kashi 78 cikin ɗari kacal. Kusan ɗaya cikin kowane biyar ke nan ana samun saɓani, amma tuni ake tallata gwajin ga ma'auratan da neman haihuwa ya galabaitar. Abin ya dame ni ƙwarai.

A tsohuwar hanya, ƙwararre kan tsakuro ƙwayoyi biyar zuwa goma daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a rana ta biyar ko ta shida, a duba ko kuromosom 46 sun cika daidai. A sabuwar kuwa, ɗigon ruwan da aka raini ɗan tayin a ciki ake zuƙewa, a nemi ɓurɓushin DNA da ya zubar.

A ganina kasuwa ce ke tura wannan mota. Tsakurar na buƙatar hannun gwani da na'ura mai tsada, zuƙar ruwa kuwa kusan kowane ɗakin gwaji zai iya. Sannan macen da ta sha allurai, ta yi ɓari sau biyu, dangin miji sun sa ta a gaba, idan aka ce mata "ba za mu taɓa miki ɗan tayin ba", da wuya ta tsaya tambaya. Ba kowa ke gaya mata cewa ƙwayoyin jikinta da ke manne da ƙwan kan gauraya da ruwan ba, har su rikita sakamako. Kuskure ɗaya na iya sa a ajiye lafiyayyen ɗan tayi gefe, alhali wata macen 'yan tayi biyu ko uku kawai ta samu.

Gaskiya ne rashin taɓa ɗan tayi ci gaba ne, kuma hanyar na iya gyaruwa. Sai dai ko tsohon gwajin bai gama wanke kansa ba. A wani bincike da aka yi a Sin, aka wallafa a 2021, kashi 77 na matan da aka tantance wa 'yan tayi suka haihu, waɗanda ba a tantance wa ba kuwa kusan kashi 82.

Masu zuwa asibitocin Abuja da Legas ko Indiya su sani cewa wannan gwaji adadin kuromosom yake ƙirgawa, ba ya gano sikila. Kafin ku biya, ku tambayi likita ƙarara me zai yi da ɗan tayin da gwajin ya ce yana da matsala.