Yadda Mutanen Bakin Teku Ke Gane Guguwa Na Tafe

Manomi ya san hadari. Da ya ɗaga kai ya ga gabas ta yi baƙi, ya san lokacin tattara shanya ya yi. Haka su ma masunta da mazauna bakin teku suna da tasu alamomin. Sai dai abin da suke tsoro ya fi hadari nesa ba kusa ba. Shi ne mahaukaciyar guguwar teku.

Daga Ina Take Tasowa?

Hadarin da ke ratsa ƙasar Hausa da damina daga gabas yake tahowa, ya nufi yamma. Wani yakan yi ta tafiya har ya wuce Sanagal, ya faɗa Tekun Atlantika. Idan ruwan tekun ya yi ɗumi, wato ya kai digiri 26 ko fiye, tururi sai ya yi ta tashi sama. Iska ta fara juyawa kamar dutsen niƙa. Idan gudunta ya kai kilomita 63 a awa ɗaya, masana sukan raɗa mata suna. Idan ya kai kilomita 119, ta zama babbar guguwa mai rusa gidaje. Da yawa daga manyan guguwar da ke afka wa Kyuba da Amurka ta haka suke farawa. Lokacinsu shi ne daga watan Yuni zuwa Nuwamba.

Alamomi Huɗu

Ta farko tana cikin ruwa. Kwana biyu ko uku kafin guguwa ta iso, sama na iya zama garau, amma igiyar ruwa ta canza. Maimakon ƙanana masu zuwa da sauri, sai a ga dogaye masu nauyi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Ta biyu tana sama. Wani siririn gajimare fari, kamar gashin tsuntsu, yakan bazu can ƙololuwa. Sau da yawa yakan zama kamar daga wuri guda yake fitowa. Can wajen guguwar take.

Ta uku ita ce ma'aunin nauyin iska, wanda ake kira baromita. Idan allurarsa ta yi ta sauka ba tsayawa, guguwa na matsowa.

Ta huɗu ita ce iskar kanta. A wannan yanki, idan mutum ya ba iska baya, tsakiyar guguwar tana wajen hannunsa na hagu.

Malamin Da Ya Lura

A birnin Habana na ƙasar Kyuba an yi wani malamin addinin Kirista, mutumin Sifen, mai suna Benito Viñes. Ya zo birnin a 1870. Kullum yana duban gajimare da ma'auninsa, yana rubutawa. Idan guguwa ta wuce, yakan bi sawunta ya ga inda ta yi ɓarna. A watan Satumba na 1875 ya yi gargaɗi a jarida cewa guguwa na tafe, kuma ta zo. Daga nan matuƙan jiragen ruwa suka riƙa sauraronsa har ya rasu a 1893. Ba shi da jirgin sama, ba shi da kwamfuta. Ido da haƙuri da alƙalami su ne jarinsa.

Bayan rasuwarsa, a 1900, wata guguwa ta ratsa Kyuba. Masu lura da yanayi na ƙasar suka ce yamma za ta ci gaba da yi. Ofishin yanayi na Amurka ya ɗauka za ta karkata wajen Florida. Ran 8 ga Satumba ta afka wa garin Galveston da ke jihar Texas, can yamma. Ruwan teku ya haura ya shanye garin. Mutum fiye da 6,000 suka halaka.

Inda Alamu Suka Tsaya

Alamu suna nuna cewa guguwa na kusa. Amma ba sa faɗin garin da za ta sauka, ko sa'ar da za ta iso. Guguwa takan canza hanya cikin dare ɗaya. Wanda ke tsaye a bakin gaɓa abin da ke gabansa kawai yake gani.

Akwai kuma wani tarko. Tsakiyar guguwa, wadda ake kira ido, shiru take. Iska takan tsaya cak, har rana ta leƙo. Wanda bai sani ba sai ya fito, yana zaton an gama. Jim kaɗan iska ta dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta.

Tun daga 1960 ake amfani da tauraron ɗan Adam wajen ɗaukar hoton gajimare daga sama. Yau akwai cibiyar lura da guguwa a birnin Miami, wadda ke bin kowace guguwa tun tana tsakiyar teku. Duk da haka ba a raina mutanen gari ba. Tun 1965 akwai masu rediyon hannu 'yan sa kai, waɗanda ba aikinsu ba ne, suna aika labarin ƙarfin iska da hawan ruwa daga garuruwansu. Masana suna haɗa wannan da nasu lissafin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka masunci mai hankali idan ya ga igiyar ruwa ta canza, yakan jawo kwalekwalensa tudu, ya kunna rediyo. Idan aka ce a tashi, ya kwashi iyalinsa ya tashi, ko da sama tana garau. Kwalekwale ana sake sassaƙa wani, rai kuwa ba a sayensa a kasuwa.