Bayani a kan faɗarsa "ba da zaɓi ba"

Faɗar mai littafi, Allah Ya jiƙansa, "ba da zaɓi ba": a gefen takardar mai kwafi ya sa da ajami, "abin da ya fi ƙarfin bawa". Na ga wannan fassara ta game abu biyu da malamai suka raba.

Ka sani, ya kai ɗalibi, na farko shi ne abin da babu nufi cikinsa sam, kamar makyarkyatar mai zazzaɓi da juyin mai barci. Da irin wannan misali malaman tauhidi ke rarrabe motsin larura da motsin kasabi. Na biyu aikin mukrahi ne, wato wanda aka tilasta: yana sane, da hannunsa ya aikata, sai dai zuciyarsa ba ta yarda ba. Asalinsa aya ta 106 ta Suratun Nahli, wadda masu tafsiri suka ce ta sauka a kan Ammaru ɗan Yasir.

Mas'alar ta zo mana har gida. Bayan harin Diffa da Bosso a Fabrairun 2015, manoman tattasai da masuntan bakin Komadugu da suka yi gudun hijira sun sha tambayata hukuncin wanda aka ɗora wa bindiga ya yi rantsuwa, ko ya saki matarsa. Na ce musu a mazhabarmu rantsuwar ba ta ɗaure shi ba, sakin bai auku ba. A kan wannan fatawa aka yi wa Imamu Malik bulala a Madina.

Amma tilas tana da iyaka. Wanda aka ce ya kashe ɗan'uwansa ko a kashe shi, ba shi da uzuri, domin ransa bai fi na wancan daraja ba. Kuma ɗauke zunubi daban, ɗauke haƙƙi daban. Mai barcin da ya juya ya fasa tulun maƙwabci babu laifi kansa, amma zai biya, kamar yadda zai rama sallar da ta wuce shi.

Saboda haka in wani ya dawo daga hannun 'yan daji, kada ka gaggauta yanke masa hukunci. Fara tambaya: da me aka tsorata shi, me ya aikata, haƙƙin wa ya taɓa. Allah ne Mafi sani.