RUWAN ZOGALE DON KAYAN LAMBU

Tun daga shekarar 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukuren ya sa takin zamani ya yi tsada, masu lambu a fadamun Birnin Kudu da na bakin kogin Bunga a Gwaram su ke neman dabarar da za ta rage musu kashe kuɗi. To, ga wata tana tsaye a shingen gida, watau zogale, wanda mata su ke yin kwaɗo da shi.

A cikin ɗanyen ganyensa akwai wani sinadari mai suna ziyatin, wanda ke sa tsiro ya yi toho, ganye kuma ya daɗe bai yi rawaya ba. Wani masani, Nikolaus Foidl, shi da abokan aikinsa sun gwada fesa ruwan ganyen a ƙasar Nikaragwa, suka ba da labari a 2001 cewa amfanin gona ya ƙaru.

Ga yadda a ke yi. A tsinko sabon toho, a kirɓa a turmi da ɗan ruwa, a tace da ƙyalle mai tsabta. Gwangwani ɗaya na wannan ruwa a zuba masa gwangwani 30 na ruwan rijiya. Sa'an nan a fesa wa ganyen tumatir ko attarugu bayan dashe ya kama, a riƙa maimaitawa kowane mako biyu har ya fara fure. Lalle a yi feshin da sassafe ko da yamma, balle a rumfar leda inda zafi ke taruwa. Kada a bar ruwan ya kwana, gama ruɓewa ya ke yi.

Amma fa a lura, ruwan zogale ba taki ba ne. Aikinsa shi ne ya taimaki tsiro ya ci abincin da ke ƙasa. In fangali ba shi da takin gida, ba abin da zai ci. Ba maganin ƙwari ba ne kuma, ba ya kashe tsutsar nan da ta halaka tumatir a Arewa a 2016.

Manomi mai hankali sai ya ware fangali biyu, ya fesa wa ɗaya, ya bar ɗaya, ya ƙidaya kwandunan da kowanne ya ba shi. Gani ya kori ji.