Shin ya dace a yi wa ɗan kwikwiyo inshora?

Matsalar tsaro ta sa wasu magidanta a Tudun Wadan Zariya da unguwannin da ke kewaye da ita, irin su Gyallesu da Kongo, na ajiye karnuka domin gadin gida. Sai dai da yawa ba sa lissafin abin da lafiyar karen za ta ci, sai ranar da ciwo ya kwantar da shi.

A ƙasashen Turai da Amurka, akan shawarci wanda ya sayi ɗan kwikwiyo ya yi masa inshorar lafiya tun yana ƙarami.

Tambayar ita ce, ko wannan shawara za ta yi amfani ga mutumin Zariya, inda kuɗin magani da tsarin inshora da kuma ra'ayin jama'a game da kare duk sun sha bamban da na Turai?

Asalin inshorar dabbobi

A ƙasar Suwidin aka fara wannan harka a shekarar 1890, amma a lokacin dawaki da dabbobin kiwo kawai ta shafa.

A 1924 ne aka fara yi wa kare inshora a ƙasar. Birtaniya ta bi sahu a 1947, ita kuwa Amurka sai a 1982.

A yau mafi yawan karnukan Suwidin suna da inshora. Babban dalili shi ne tsadar asibitin dabbobi a can, inda aikin tiyata guda kan lashe albashin wata ko fiye.

Tsarin dai ba shi da wuyar fahimta. Mai kare yana biyan kamfani wani kuɗi duk wata ko duk shekara. Idan karen ya kamu da ciwo ko ya yi hatsari, kamfanin zai biya wani kaso na kuɗin magani.

Amma akwai sharuɗɗa. Galibi kamfani ba ya biyan kuɗin ciwon da karen ke da shi tun kafin a ƙulla yarjejeniya. Akwai kuma wa'adin jira na wasu kwanaki kafin inshorar ta fara aiki, da wani kaso da mai kare zai fara biya daga aljihunsa, da kuma iyakar abin da kamfanin zai biya a shekara.

Wannan ne ya sa ake cewa idan za a yi, to a yi tun kare yana ɗan kwikwiyo, kafin a rubuta wani ciwo a katinsa na asibiti.

Yadda abin yake a Najeriya

A Najeriya, harkar inshora gaba ɗayanta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasa ba.

Mafi yawan inshorar dabbobi da ake yi ta dabbobin kiwo ce, wato shanu da tumaki da awaki da kaji da kifi. Hukumar inshorar aikin gona ta ƙasa, NAIC, wadda ta samo asali daga wani shirin gwamnatin tarayya na 1987, ita ce ta daɗe tana wannan aiki, kuma gwamnati na tallafa wa manoma da wani kaso na kuɗin da suke biya.

Abin lura a nan shi ne, irin wannan inshora diyyar mutuwar dabba take biya, ba kuɗin jinyarta ba.

Wannan ya dace da mai kiwon shanu ko kaji, wanda dabbarsa jari ce. Amma mai karen gadi ba mutuwar karen ce kaɗai ke ci masa kuɗi ba. Zirga-zirgar asibiti ce.

Don haka duk wanda aka kawo wa takardar inshorar kare, abu na farko da zai tantance shi ne wacce iri ce: ta mutuwa da sata, ko ta magani, ko kuwa ta ɓarnar da karen zai yi wa wani.

Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ce ke ba kamfanonin inshora lasisi, kuma a wurinta ake tabbatar da ko kamfani na da rajista.

Kuɗin da babu makawa sai an kashe

Shekarar farko ita ce mafi haɗari a rayuwar kare, kuma yawancin abin da ke kashe 'yan kwikwiyo ana iya kauce masa.

Likitocin dabbobi kan fara yi wa ɗan kwikwiyo allurar rigakafi yana da mako shida zuwa takwas, sannan a maimaita duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai kimanin mako goma sha shida.

Allurar na kare shi daga cututtuka da dama, ciki har da cutar fabo, wadda ta bazu a duniya tun 1978. Cutar na haddasa amai da gudawa mai jini, kuma takan kashe ɗan kwikwiyo cikin 'yan kwanaki idan ba a yi masa ƙarin ruwa ba.

Idan ya kai wata uku sai a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda a Najeriya ake sabuntawa duk shekara.

Sai kuma maganin tsutsar ciki da na kaska. Kaska takan yi yawa da damina, kuma tana sa wa kare cututtukan da ke shanye masa jini.

Inshorar lafiya ta yau da kullum ba ta ɗaukar nauyin waɗannan abubuwa, sai an ƙara kuɗi. Hasali ma kamfani na iya ƙin biya idan kare ya kamu da cutar da ake da rigakafinta, alhali ba a yi masa allurar ba.

Ke nan inshora ba ta maye gurbin rigakafi. Wanda aljihunsa ba zai ɗauki duka biyun ba, allurar ce a gaba.

Ta wannan fuska mutanen Zariya na da sa'a. Jami'ar Ahmadu Bello na da tsangayar koyar da likitancin dabbobi tun cikin shekarun 1960, kuma asibitin koyarwarta na dabbobi yana Samaru, tafiyar 'yan kilomitoci daga Tudun Wada.

Haɗarin da ya fi na karen

Babbar asarar da kare zai iya jawo wa mai shi ba ta shafi lafiyar karen ba. Ta shafi lafiyar maƙwabta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutane kusan 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu daga cizo ko yakushin kare suke kamuwa, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15.

Da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tsira.

A unguwa mai cunkoso kamar Tudun Wada, inda gidaje ke manne da juna, yara da almajirai kuma ke kai da kawowa a lunguna, karen da ya tsinke igiya na iya jefa mai shi cikin rigimar da ta fi kuɗin kowace tiyata.

Shawarar likitoci ga wanda kare ya ciza ita ce a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti domin fara jerin allurai, sannan a tsare karen ana lura da shi har kwana goma.

A bisa al'ada, mai kare ake sa ran zai biya waɗannan kuɗaɗe. Idan yana da katin da ke nuna an yi wa karensa rigakafi, hankalin kowa zai fi kwanciya, ko da yake likita ne zai yanke hukuncin abin da za a yi wa wanda aka ciza.

Saboda haka, inshorar da ke ɗaukar nauyin ɓarnar da kare ya yi wa wani ta fi kusa da ainihin buƙatar mai karen gadi.

Me malamai ke cewa?

Ga Musulmi, batun na da fuska biyu: ajiye karen da kuma ita kanta inshorar.

Hadisai sun yi hani ga ajiye kare ba da dalili ba, amma sun keɓe karen farauta da na kiwo da na gadin gona. Malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai buƙata.

A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, an ruwaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mawallafin littafin Risala, ya ajiye kare domin tsaron gidansa a wani lokaci na fargaba.

Malamai sun kuma yi ittifaƙi cewa duk wanda ya tsare dabba, ciyar da ita da kula da ita sun rataya a wuyansa.

Dangane da inshora kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda rashin tabbas ɗin da ke cikinta, wanda ake kira garari. Amma ta amince da inshorar taimakon juna.

Wannan tsari shi ake kira takaful. Mahalarta na zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimako, a biya wanda asara ta faɗa wa, abin da ya yi rara kuma ana iya raba musu.

A Sudan aka kafa kamfanin farko mai irin wannan tsari a 1979. A Najeriya, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma a 2016 ta ba kamfanonin Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi.

Wanda wannan batu ya dama, sai ya tambayi kamfanin takaful ko yana karɓar irin dabbarsa, ya kuma nemi fatawar malamin da ya amince da shi.

Lissafi

A ɗauka, a matsayin misali kawai, kamfani ya nemi naira 5,000 duk wata. A shekara kuɗin ya kama 60,000. Kare kan rayu shekara goma ko fiye, wato 600,000 ke nan, ko da farashin bai tashi ba.

Idan karen bai yi babban ciwo ba, a tsarin kasuwanci kuɗin sun tafi. Idan kuwa mota ta buge shi a shekarar farko, inshorar na iya biyan fiye da abin da aka zuba.

Hanya ta biyu ita ce mutum ya riƙa ware kuɗin a wani asusu na daban. Amfaninta shi ne kuɗin na hannunsa, kuma babu wanda zai kafa masa sharaɗi. Illarta kuwa, ciwo na iya zuwa kafin kuɗin su taru, ko wata buƙatar gida ta cinye su.

Tsadar rayuwa ma na taɓa hanyoyin biyu. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuma magungunan dabbobi da yawa daga waje ake shigo da su. Kuɗin da aka ajiye na rage daraja, haka ita ma iyakar diyyar da kamfani ya rubuta a takarda.

Irin karen ma abin dubawa ne. Karnukan waje, kamar Alsatian da Rottweiler, suna da tsada, cutar fabo ta fi yi musu illa, kuma sukan gaji ciwon ƙugu. Karen gida da ya saba da yanayin ƙasar ya fi juriya, ko da yake shi ma yana buƙatar rigakafi.

To wa ya dace ya yi?

Inshora za ta fi amfani ga wanda ya sayi kare mai tsada, ko mai kiwon karnuka domin sayarwa, ko kamfanin gadi mai karnuka da yawa.

Shi ma sai ya tabbatar da abubuwa huɗu: asibitin da zai riƙa zuwa yana cikin waɗanda kamfanin ya amince da su, cututtukan da aka cire daga yarjejeniyar, tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a biya, da kuma ko ta haɗa da cizon da karen zai yi wa wani.

Ga magidancin da ke da karen gida guda ɗaya kuwa, cikakkiyar allurar rigakafi, da katanga ko keji mai ƙarfi, da ɗan asusun ko-ta-kwana, za su toshe mafi yawan ƙofofin asara a kan kuɗi kaɗan.

Wanda kuma ya ga ba zai iya ɗaukar ko da nauyin allurar ba, Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Karen da ba a yi wa rigakafi ba barazana ne ga gidan da aka kawo shi ya tsare, da kuma yaran maƙwabta.