Tambayoyin da ba ma yi wa ɗalibanmu

Tun shekarar 1991, hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka take raba wa ɗaliban sakandare takardar tambayoyi duk bayan shekara biyu. Ɗalibi ba ya rubuta sunansa, in ya ga dama ma ya ƙi amsawa. Ana tambayarsa game da taba, giya, ƙwaya, faɗa, tunanin kashe kai da kuma jima'i. Ta haka suka gano cewa ɗaliban da suka taɓa jima'i sun ragu daga kashi 54 cikin ɗari a 1991 zuwa kashi 30 a 2021. Dalilan raguwar suna da yawa, amma duk mai gardama a can, akwai alƙaluman da za a ajiye masa a gabansa.

A Najeriya kuwa, an shigar da darasin zaman iyali da cutar ƙanjamau cikin manhaja a 2003, sai kuma a Nuwamban 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i, ya ce aikin iyaye da malaman addini ne. Damuwar iyaye gaskiya ce, ba wanda yake son a buɗe wa ɗansa ido kafin lokaci. Sai dai nazarce-nazarcen da UNESCO ta tattara a 2009 da 2018 sun nuna cewa darasin da aka tsara da kyau ba ya ingiza yara zuwa lalata, sau da yawa ma jinkiri yake sa su yi. Kuma batun ba baƙo ba ne a wajenmu. Yarinyar da ta karanta Ahalari a Islamiyya ta san hukuncin haila da wankan janaba, ba wanda ya ce malaminta ya ɓata ta. Abin da ya rage mata shi ne ɓangaren lafiya: yadda cuta ke yaɗuwa, da wanda za ta kai wa ƙara idan wani babba ya fara yi mata maganar banza.

Rashin tambaya ya riga ya cuce mu. Sai da BBC ta fitar da rahotonta kan kodin a 2018 kafin gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, alhali malaman makaranta a Kano sun daɗe suna ganin kwalaben a bayan aji. Jihohi za su iya tsara tasu takardar tambayoyin da Hausa, iyaye da malamai su duba ta tukuna, mata su amsa a gaban malama, maza a gaban malami, ba suna ba lamba.