Idan Darasin Intanet Ya Ƙi Nuna Ɗalibi Ya Kammala

Malami ya haɗa darasi da manhajar Articulate Storyline, ya ɗora shi a dandalin karatu na Moodle, ɗalibai sun karanta har ƙarshe, amma shafin sakamako bai nuna ko mutum ɗaya ya gama ba. Masu shirya darussan intanet sun san wannan ciwon kai sarai.

Yawanci matsalar tana tasowa ne tun lokacin fitar da darasin a tsarin SCORM. SCORM ita ce ƙa'idar da darasi ke bi wajen sanar da dandalin karatu inda ɗalibi ya tsaya da makin da ya ci. Moodle ya fi jituwa da SCORM 1.2, don haka wanda ya zaɓi SCORM 2004 yana iya cin karo da cikas. Sai a duba sharaɗin kammalawa: idan an ce dole ɗalibi ya buɗe kowane shafi, alhali darasin yana da rassa da ba kowa ke bi ba, to har abada ba za a rubuta masa ya gama ba. Kuma fayil ɗin imsmanifest.xml dole ya zauna a saman kunshin zip, ba cikin wata jaka ba.

Kafin a ɗora wa kowa laifi, a gwada darasin a dandalin gwaji na SCORM Cloud. In ya yi aiki a can, gyaran yana ga dandalin makaranta.

Ga masu rubuta darasi da Hausa kuwa, haruffan ɗ, ƙ da ɓ kan koma akwatuna idan nau'in rubutun da aka zaɓa ba ya ɗauke da su. Noto Sans yana da su. Malam, ka buɗe darasin a wayarka tukuna kafin ka tura wa ɗalibai.